Kada Ka Aiko da Tuffa Bana

Aarhus, Satumba 1996

Yaya Ghislain,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Marleen kuna lafiya, kuma tsinkar tuffa ta fara da sauƙi. Yaya jikin Baba? Marleen ta gaya mini yanzu sai an riƙe masa kofi kafin ya sha. Ka ce masa Lut ɗinsa tana gaishe shi. Na gwammace in rubuto ne saboda ni da kai waya ba ta yi mana rana, kafin mu gama gaisawa mun fara musu.

Mu nan Torben lafiya lau, aikin tashar jiragen ruwa ne dai ya sa shi gaba. Signe ce ba ta jin daɗi. Tun bazara cikinta ke kumbura, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, yarinya mai shekara shida amma kayan 'yan shekara huɗu ke yi mata daidai. Likita ya ce za a yi gwaje-gwaje, kafin nan mu lura da duk abin da ke shiga bakinta. Don haka ina roƙonka, bana kada ka ba Staf direba akwatin tuffar da ka saba aiko mana. Ni da Torben ba za mu iya cinye ta mu biyu ba, lalacewa za ta yi.

Akwai kuma wata magana. Makarantar renon da nake yi wa girki ta koma sayen abincin da ba a yi wa feshi ba, har madara da dankali. Wata mata ta zo ta yi mana bayani, ta ce maganin ƙwari yakan saura a ɓawon 'ya'yan itace, wanki ba ya fitar da shi duka. Ta kuma ce ana zargin manoman da suka daɗe suna feshi sun fi kamuwa da ciwon karkarwa irin na Baba. Ban ce haka ne ba. Amma in ka kai shi asibiti, ka tambayi likita.

Taka,
Lut

Borgloon, Oktoba 1996

Lut,

Mun ga takardarki. Muna lafiya. Baba yana nan yadda kika sani, ranar da ya tashi da ƙarfi yakan kai ƙofar gona, ranar da babu sai kujera. Allah ya ba Signe lafiya.

Akwatin ya riga ya hau motar Staf lokacin da takardarki ta iso. Baba ne ya zaɓa da kansa. Ya sa aka kai shi rumfar tantancewa ya zauna, hannu na rawa, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, wai jikarsa ba za ta ci mai tabo ba. Ni na hau motar na sauko da akwatin. Na ce wa Baba motar ce ta cika.

Da kin fito fili kin ce tuffarmu guba ce, da ya fi mini sauƙi a kan wannan kewaye-kewayen. Yarinya ba lafiya, sai tuffar kawunta ce ta fara faɗo miki a rai.

Bari in gaya miki abin da matar nan taku ba ta gaya muku ba. Makon jiya na kai kaya kasuwar gwanjo. Mai dubawa ya ɗaga tuffa guda, ya ga tabo kamar kan ashana, ya mayar da kayan gaba ɗaya aji na biyu, wanda ake kaiwa a matse ruwansa. Wa ya koya masa haka? Masu manyan kantuna. Su kuma wa ya koya musu? Ku mutanen birni, da ke juya tuffa a kanti, ku ga ɗigo ku mayar cikin kwando. Kuna son ta fito sumul kamar an zana, kuma ba ku son a fesa mata komai. Ƙasar nan ruwa ake yi mata kwana da kwanaki, in na tsallake feshi ɗaya a watan Mayu, baƙin tabo ya gama da ni.

Ba na wuce ƙa'idar da hukuma ta sa. Abin da aka rubuta a jikin galan shi nake bi, ina kuma dainawa tun kafin tsinka. Ni ma ita nake ci, da ɓawonta, tun ina rarrafe. Ke ma ita ta raine ki, ita ta kai ki makarantar koyon girki, ita ta ɗinka miki rigar aure. A lokacin ban ji kin ce tana wari ba.

Likitan Baba ya ce tsufa ne. Ban tambaye shi komai ba, ba kuma zan tambaya ba.

Ghislain

Aarhus, Nuwamba 1996

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Signe tana nan, an ɗebi jininta, muna jiran a kira mu. Labarin Baba a rumfa ya sa ni kuka a tsaye a kicin ɗin makaranta, har abokiyar aikina ta karɓe mini wuƙa. Me ya sa ba ka bar akwatin ya taho ba? Da na raba wa maƙwabta.

Ka sake karanta takardata. Ban ce tuffarka ce ta sa wa yarinya ciwo ba. Mun hana ta madara, mun hana ta ƙwai, mun hana ta tumatir, ba wanda ya rubuto mana zagi a cikin masu kaji. Amma tunda ka buɗe maganar, bari in faɗi tawa.

Ka tuna feshin hunturu, mai launin ruwan ɗorawan nan? Baba yakan shigo gida hannunsa da girarsa sun rine, har Ista ba su koma daidai ba, mutane a coci suna tsokanarsa wai ya zama ɗan tsako. Muna dariya. Ba abin rufe hanci, ba safar hannu, yana gauraya maganin da sanda, sigari a bakinsa. Mama ta wanke kayan aikinsa a baho ɗaya da namu. Ni da kai muna wasan jirgin ruwa a cikin gangunan da aka zubar. Ka tuna karenmu da ya sha ruwan da ya taru a bayan rumfa, bai kai yamma ba? Aka ce mana mota ce ta buge shi, alhali mu muka gan shi yana kumfa. Wancan maganin ma ai da ƙa'ida a jikin galan ɗinsa, kuma hukuma ce ta rubuta.

Ban ce laifinka ba ne. Na san abin da kasuwa take yi muku. Amma a nan ina ganin mutane suna layi ranar Asabar suna sayen tuffa mai tabo, ƙanana, da tsada, don kawai ba a fesa mata komai ba. Ka gwada mana, ko da filin bayan ƙaramin cocin nan ne kaɗai. Kai ne kake zaune a kan tarakta cikin hazon nan, ba mai kanti ba.

Sannan don Allah ka daina matse rubutunka haka. Sai da na ari gilashin Torben. In takarda ce ta yi tsada a can Limburg ɗinku ka faɗa in aiko maka.

Lut

Aarhus, Janairu 1997

Yaya Ghislain,

Barka da sabuwar shekara, ko da yake katinmu bai sami amsa ba. Da fatan sanyi bai taɓa ƙirjin Baba ba.

An gano ciwon Signe. Hanjinta ne ba ya ɗaukar alkama. Burodi, biskit, kek, taliya, duk abin da fulawa ta shiga, an hana ta har ƙarshen rayuwarta, ko ɓarɓashi ta ci sai ta kwanta. Tun da muka daina ba ta, kumatunta sun fara dawowa. Tuffa kuwa likita ya ce ta ci son ranta. Ka gaya wa Baba.

Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Lut

Borgloon, Afrilu 1997

Lut,

Da fatan kun isa gida lafiya. Mun gama karɓar gaisuwar rasuwa, Marleen ta haɗa kayan Baba za ta kai wa masu raba wa mabukata, in akwai abin da kike so ki faɗa da wuri.

Ban yi miki magana a ranar jana'izar ba saboda gawar mahaifinmu ba ta daɗe da shiga ƙasa ba, ga mutane. Yanzu zan yi.

Marleen ta kwana biyu tana gasa kek ɗin tuffa don walimar bayan jana'iza. Ta ƙi saya a gidan burodi, ta ce Theofiel Vanormelingen ba za a yi masa bankwana da tuffar wani ba. Ta fiddo ta ƙarshe da ta rage a ɗakin sanyi. Zaure ya cika, duk manoman yankin nan suna zaune, har da waɗanda suka yi feshi tare da Baba shekara arba'in. 'Yarki ta miƙa hannu za ta ɗauki yanka ɗaya, kika riƙe hannunta kamar wuta za ta taɓa, kika yi mata magana da yarenku da ba wanda ke ji. Sannan kika buɗe jaka kika fito da 'yar robarku ta abinci, wadda kika ɗauko tun daga Denmark, kika ajiye a gabanta a kan teburin makokin ubanki.

Tsohuwa Philomène, maƙwabciyarmu, ta juyo ta ce mini, “Ghislain, abincin namu ne ba ya ciyuwa?” Marleen ta shiga kicin ba ta ƙara fitowa ba, ke kuma kina can kina gaisawa da mutane ba ki ko lura ba.

Baba ya mutu yana tambayar ko yarinyar ta ji daɗin tuffarsa, don daga baya na ce masa an kai. Gara da bai ga wannan ba.

Gonar yanzu tamu ce mu biyu, lauya zai rubuto miki. Bayan wannan ban ga abin da ya rage mu tattauna ba.

Ghislain

Aarhus, Afrilu 1997

Ghislain,

Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, ka gaishe da Marleen, ita zan rubuta wa daban in ba ta haƙuri, don ita ce aka ɓata wa rai a banza.

Fulawa ce. Fulawar da ke cikin kek ɗin ce, ba tuffar ba. Na rubuto maka tun watan Janairu cewa Signe ba ta cin alkama, yanka ɗaya zai kwantar da ita mako guda. Abin da na ce mata da yaren da ba ka ji shi ne, “Yi haƙuri, akwai fulawa, zan roƙi Anti Marleen ta yanka miki tuffa zalla.” Na shiga kicin neman Marleen na tarar da ƙofar baya a buɗe ba kowa. Na ɗauka kukan Baba ne ya fitar da ita. Na ɗauka kun sani, shi ya sa ban yi wa kowa bayani ba. Ashe ba ka ma buɗe takardar ba. Kana zaune kusa da ni a coci, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba ka tambaye ni yaya jikin yarinya ba. Na ce baƙin ciki ne ya rufe maka baki.

A cikin takardar nan na ce ka gaya wa Baba jikarsa za ta iya cin tuffarsa. Wata biyu yana raye bayan nan. Da ka buɗe, da gaskiya ka gaya masa, ba ƙarya ba.

Amma kada ka ɗauka na janye sauran maganata. Na ga Baba a cikin akwati, na ga hannuwansa. Na kuma ga tsofaffin da ka ce sun yi feshi tare da shi, na ƙirga masu rawar hannu a teburin nan, ba shi kaɗai ba ne. Kai ma ka gan su, kullum kana tare da su. Ka ce tsufa ne. To, nan ma akwai tsofaffi, masunta da ma'aikatan tasha, ban ga suna zubar da kofi haka ba.

Lut

Borgloon, Agusta 1997

Lut,

Muna gaishe ku, da Torben da Signe. Marleen ta ga takardarki, ta ce ba komai, ya wuce. Ta gano waccan ta Janairu a bayan agogon falo inda na soke ta. Ta karanta mini.

Bana ƙanƙara ta sauka a watan Yuni ta fasa mana kusan rabin gona. Wannan ba shi ne labarin ba.

Kin yi mini ba'a a kan rubutuna. Ni ma na ɗauka gajiya ce. A bazara ina ɗaure rassa na ga yatsun hagu suna motsi da kansu, na sa hannun a aljihu. Marleen ta lura ba na kaɗa hannun in ina tafiya. Ta matsa, muka je Hasselt wajen likitan jijiya. Ya sa na yi tafiya a baranda, ya sa na rubuta sunana, ya duba ƙanƙantar rubutun, ya ce ciwon Baba ne. Parkinson. Shekarata arba'in da tara.

Ya tambayi sana'ata, na faɗa. Ya ajiye biro ya tambaye ni tun yaushe nake feshi, na ce tun ina sha huɗu. Na ce masa, likita, faɗa mini gaskiya, shi ne? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa a kan mutum ɗaya, amma ba ni ne manomin 'ya'yan itace na farko da ya zauna a kujerar nan ba. To ga shi, na tambaya. Sai ki ji daɗi, kin fi ni gaskiya. Kada ki rubuto ki ce kin faɗa, na riga na faɗa miki da kaina.

Ba zan iya shekara biyu nan gaba a kan tsani ba, ba mu da ɗa da zai karɓa. Maƙwabcinmu Jef Schoofs yana son ya yi hayar gonar gaba ɗaya, da itatuwa da rumfa. In ya karɓa, itatuwan da Baba ya dasa za su ci gaba da tsayuwa, ni kuma in riƙa ganinsu ta taga. Ana bukatar sa hannunki. Takardar tana ciki.

Ghislain

Aarhus, Satumba 1997

Yayana,

Na karanta takardarka a tashar bas, bas ya zo ya wuce ina zaune. Yaya jikin? Sun fara ba ka magani? Kana samun barci? Me ya sa ka bari na yi ta zuba maka magana a watan Afrilu kana ɗauke da wannan? Wane irin daɗi zan ji? Da a ce ni ce na yi kuskure, kowa ya yi mini dariya har in mutu, da na fi so sau dubu.

Zan zo hutun kaka da Signe, ko ka so ko ka ƙi.

Amma Yaya, takardar Jef ba zan sa mata hannu ba. Na san Jef. Tun muna yara shi ne mai fesawa ko iska na kaɗawa, har kan shanyar Mama. Gidanku yana tsakiyar gonar. Kana so ka zauna a taga da wannan ciwon, hazonsa yana shigo maka ɗaki daga Maris zuwa Agusta, Marleen tana shaƙa? Abin ya ci Baba, ya kama ka, in kuma sa hannu a ci gaba? Ba zan iya ba.

Na yi tambaya. Akwai wasu matasa mata da miji daga wajen Leuven, suna neman gonar da za su yi noma ba feshi. Na ba su lambar gida. Don Allah ka karɓe su, ka zagaya da su, kada ka kore su tun daga ƙofa. Itatuwan za su tsaya, kai ma ka huta.

Ka yi fushi da ni in ka ga dama, amma ka amsa.

Taka har kullum,
Lut

Borgloon, Fabrairu 1998

Lut,

Marleen ce. Ina gaishe ki, ina gaishe da Torben, ki shafa mini kan Signe. Na gwada kek ɗin garin shinkafa da kika koya mini da kuka zo, ya fito kamar bulo, amma an ci. Jikin yayanki da sauƙi wasu ranaku. Maganin yana sa shi jiri da safe. Ya ce ba zai ƙara rubutu ba tunda sai an sa gilashi kafin a karanta, kuma bai sa ni in rubuto ba, ni na ga ya kamata ki ji daga bakinmu kafin lauya.

Matasan nan sun zo bayan tafiyarku. Ki yarda da ni, bai kore su ba. Ya zagaya da su ko'ina, ya ba su kofi. Yara ne masu ladabi. Amma sun ce irin itatuwanmu ba sa jure tabo in ba feshi, sai an tumɓuke an dasa wasu. Sun ce kuma sai gona ta yi shekara uku ba magani kafin a yarda su sayar da sunan mara feshi, ga Jef ta gabas ga wani ta yamma, iska za ta riƙa kawo musu na maƙwabta. Suka yi godiya suka tafi. Ba su sake kira ba.

Jef ya jira har Kirsimeti, da ya ga ba sa hannu ya karɓi wata gonar a Wellen. Ghislain ya ce zai yi bana da kansa. Ya hau tsani zai yi wa itatuwa aski a watan jiya, ya faɗo, Allah ya taimaka ƙasa ta jiƙe. Daga nan na ce ya isa. Gonar da ba a kula da ita cuta take tarawa ta watsa wa maƙwabta, sun fara magana. Abin da ya rage shi ne tallafin da hukuma ke ba wanda ya tumɓuke itatuwansa. Kin ce ta waya in dai ba feshi kin yarda da komai, to wannan ne komai ɗin.

Ban ce ke kika jawo ba. Ni na wanke kayan aikinsa shekara ashirin da biyar, ni ma nakan duba hannuna da safe. Amma ke kina da inda za ki je ranar Asabar ki sayi mai tsabta. Mu nan muke.

Motar tumɓuka ta zo ranar Talata. Na roƙe shi mu tafi wajen ƙanwata a Tongeren har a gama, ya ƙi. Ya sa kujera a ƙofar rumfa, ya rufa da bargon Baba, ya kalla tun daga layin farko har na bayan ƙaramin coci. Yanzu in kin tsaya a kicin kina hango hasumiyar cocin Kerniel, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Itacen mun ce duk mai so ya zo ya ɗiba. Jiya tsohuwa Philomène ta zo da jikanta da amalanke. Har sun loda, sai ta dawo ta tsaya a gabansa tana murza hannu, ta ce ita fa tana da tambaya, kada ya ji haushi. Itacen da ya sha feshi shekara da shekaru, ba komai in ta sa a murhun ɗaki, ga jikoki suna kwana a wurin?

Ya dube ta ya ce, “Ban sani ba, Philomène. Ki tambayi ƙanwata.”

Ta sauke itacen ta tafi da amalankenta ba komai. Yana nan jibge a tsakar gida.

Marleen